Dafa Kara, a Sha Romo

 Barkanmu da sake haɗuwa a filinmu na kimiyya. Manomi da ke hutawa a gindin bishiya, uwargida da ke tsakar gida, direba da ke kan hanya, ɗalibi da ke riƙe da biro, duk ina gaisuwa.

Yau da tambaya zan fara. Ku dubi dawa a gona. Zangarniya a sama, kara a ƙasa. In kaka ta yi, mu yanke zangarniya, mu sussuke, mu yi tuwo. Karan kuma mu bar wa shanu. Mu ci tsaba mu ƙoshi. Saniya ta ci kara da ganye, ita ma ta ƙoshi, har ta kawo nono. To, me ke cikin karan nan da ke riƙe saniya? Kai kuwa in ka tauna shi, ban da ciwon muƙamuƙi ba abin da za ka samu.

Amsar ita ce sukari. E, sukari. Ba rake nake nufi ba, ba kuma takanɗa ba. Busasshen karan da ake darni da shi nake nufi. Cike yake da sukari, amma a kulle.

Hausawa na cewa mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Yau za mu ji yadda masana ke dafa kara da ruwa zalla, su fitar da sukari da wasu sinadarai masu daraja. Sai dai a wannan girkin, kamar yadda za ku ji, haƙuri ɓata miya yake yi. Ku riƙe mini kalmomi uku, don za mu yi ta komawa kansu. Zafi. Matsi. Lokaci.

Zangonmu na farko: mene ne a cikin karan?

Sunansa selulos. Ku faɗa tare da ni: se-lu-los. Shi ne zaren da tsiro ke gina jikinsa da shi. Auduga kusan kashi 90 cikin 100 selulos ce. Itace, kashi 40 zuwa 50. Takardar littafin ɗanka selulos ce. Rigar audugar da ke jikinka ma haka. Duk cikin abubuwan da halittu masu rai ke ƙerawa a bayan ƙasa, babu wanda ya kai shi yawa.

Wani Bafaranshe mai suna Anselme Payen ne ya ware shi daga jikin tsiro a 1838. Da ya auna, sai ya tarar kayan haɗinsa ɗaya ne da na sitaci. Sitacin nan dai na rogo da masara, wanda ake sa wa shadda.

Ku ɗauka selulos sarƙa ce doguwa, mai zobba dubbai. Kowane zobe gulukos ne. Gulukos ɗin da kuka sani, wanda ake sawa a ruwan da ake ƙara wa maras lafiya a asibiti, wanda 'yan ƙwallo ke lasa a hutun rabin lokaci. Sitaci sarƙar gulukos ne. Selulos ma sarƙar gulukos ne. Bambancin yana wajen ɗauri.

A sitaci, zobban duk wuri ɗaya suka fuskanta, sai sarƙar ta nannaɗe sako-sako. Yawun bakinka ma yana iya tsinka ta. Ka gwada. Ka sa lomar burodi a baki, ka yi ta tauna ba ka haɗiye ba, za ka ji zaƙi ya fara fitowa. A selulos kuwa, zobe ɗaya a zaune, na biye da shi a kife, na gaba a zaune, na gaba a kife. Wannan ya sa sarƙar ta miƙe sambal. Sai sarƙoƙin su jeru gefe da gefe, su manne da juna kamar tsintsiyar da aka ɗaure tamau. Ko ruwa ba ya samun kafar shiga. Shi ya sa za ki wuni kina tafasa farar riga a tukunya, ba za ta narke ba.

Ba a nan kullen ya tsaya ba. Ku tuna rufin soro irin na da. Akwai azara, akwai igiyar da aka ɗaure azarar, akwai laka da aka yaɓe a kai. A jikin kara, selulos shi ne azara. Igiyar sunanta hemiselulos, ita ma sarƙar sukari ce, amma gajera, mai rassa, mai sauƙin tsinkewa. Lakar kuma sunanta liginin, wani irin danƙo mai tauri da ke sa itace ya tsaya ƙyam. Duk mai son sukarin sai ya bi ta kan waɗannan.

To, ita saniya yaya take yi? Gaskiyar magana, ba ita ke aikin ba. A tumbinta akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ke tsinka sarƙar, ita kuma ta ci moriya. Gara ma da irin waɗannan mataimakan take cin azarar ɗakinka.

Zango na biyu, kuma ba za mu daɗe a nan ba: mabuɗai biyu da aka fara gwadawa.

Na farko asid ne. A 1819, a garin Nancy na Faransa, Henri Braconnot ya zuba asid a kan tsummoki da garin katako, ya sami sukari. Asid ɗin irin na batirin mota ne. Daga baya Jamus da Tarayyar Sobiyet suka gina masana'antu a kan wannan dabara. Tana aiki, amma da tsada. Asid yana cin ƙarfe. In an gama kuma sai an kashe kaifinsa da farar ƙasa, a bar tulin shara.

Na biyu ya fito ne daga sansanin soja. A yaƙin duniya na biyu, a tsibiran Solomon, sojojin Amurka suka ga tantunansu da kakinsu na auduga suna ruɓewa. Da aka bincika, sai aka tarar wata fumfuna ce ke cinye su. Fumfunar tana fitar da wani ruwa da ake kira enzayim. Ku ɗauke shi a matsayin almakashin halitta, mai yanke sarƙa zobe-zobe. Har gobe masana'antu na amfani da jikokin wannan fumfuna. Aikin enzayim yana da tsabta, amma a hankali yake yi, kwana biyu zuwa uku. Yana da tsada. Kuma ba ya iya ratsa lakar nan, sai an fara buɗe masa karan.

Shi ne wasu suka ce, to, ruwa fa? Ruwa abokin aiki.

Mun iso zango na uku, zangon ruwa. Uwargida, nan sai ki matso kusa da rediyo, don ke ce malamarmu.

Kin san in ruwa ya tafasa, ko kin ƙara itace ba ya ƙara zafi. Ƙonewa kawai yake yi. A bakin teku, ruwa yana tafasa a digiri 100. In ya kai nan, sai ya zama tururi ya gudu. A Jos, da yake kan tudu ne, iskar da ke danne shi ba ta kai ta Legas nauyi ba, sai ya tafasa tun a wajen digiri 96. Kun ga ke nan, tafasa ba maganar wuta kaɗai ba ce. Maganar matsi ce. In ka rage matsi, ruwa ya gudu da wuri. In ka ƙara matsi, ya rasa hanyar gudu, ya zauna yana shan zafi.

Wannan shi ne sirrin tukunyar nan mai murfin kulle, mai yin fito, wadda ke dafa ƙafar sa da wake cikin ɗan lokaci. Ruwan cikinta yana kaiwa wajen digiri 120. Wani Bafaranshe mazaunin Landan, Denis Papin, shi ya ƙirƙiro ta a 1679. A 1682 har liyafa ya shirya wa manyan masanan birnin, aka ci nama da ƙashinsa, don ƙashin ya yi laushi tiɓis.

Ga misalin da ya fi kusa ma: gugguru. Kowace ƙwayar masarar gugguru ƙaramar tukunya ce rufaffiya. Akwai ɗan ruwa a cikinta, ɓawonta kuma mai tauri ne. A kan wuta, ruwan yana kaiwa wajen digiri 180, matsin ya ninka na iskar waje kusan sau 9. Sai ɓawon ya gaza. Fus! Ciki ya dawo waje. A shekarun 1920, a jihar Mississippi ta Amurka, William Mason ya yi wa guntayen katako irin wannan. Ya matse su da tururi, ya saki matsin farat ɗaya, suka tarwatse suka zama zare-zare. Daga nan aka sami allon katakon nan mai ruwan ƙasa da ake yin silin da bayan kabad da shi.

Yanzu mu ƙara wuta. Don ruwa ya kai digiri 250 yana nan a ruwansa, sai an matse shi da ƙarfin da ya ninka iskar waje sau 40. A nan halinsa ke fara canzawa.

Ga abin da ke faruwa. Ko a cikin randa, akwai 'yan ƙwayoyin ruwa da ke rabewa biyu da kansu. Rabi ya ɗauki halin asid, rabi ya ɗauki halin kanwa. Kaɗan ne ƙwarai, ƙwaya ɗaya cikin sama da miliyan 500. Amma a digiri 250, masu rabewar nan suna ninkawa fiye da sau 20. Ruwa ya zama asid ɗin kansa, ya zama kanwar kansa. Ya yi kaifi. Ya shiga tsakanin zobe da zobe ya tsinka. In ya huce kuma, ya koma ruwansa na jiya. Ba asid da za a kashe, ba farar ƙasa, ba tulin shara. Bari in maimaita, don wannan ce gaɓar maganar: ruwa mai zafi a cikin matsi wuƙa ne, in ya huce kuma ruwa ne.

Mu ƙara wuta kuma. A rufaffiyar tukunya, ruwa na ƙasa, tururi na sama, akwai layi a tsakaninsu. Kana ƙara zafi, ruwan yana buɗewa yana rage nauyi, tururin yana cunkushewa yana ƙara nauyi. A digiri 374, sai su yi daidai. Layin ya ɓace. Ba ka ce ruwa ba, ba ka ce tururi ba. Matsin da ake buƙata a nan ya ninka iskar waje kusan sau 220. Direba, ka san iskar da mai faci ke buga wa tayar ƙaramar mota? To, ka ninka ta sau 100. Wannan wuri shi za mu kira iyaka. Abin da ya wuce nan kuma, ruwan da ya haye iyaka.

Mu ma'abota rediyo muna da rabo a labarin gano iyakar nan, don da kunne aka gano ta. A 1822, Cagniard de la Tour, shi ma Bafaranshe, ya zuba ruwan sinadari a bututun ƙarfe, ya jefa ɗan dutse a ciki, ya toshe, ya ɗora a wuta. Yana jujjuya bututun yana sauraron ƙarar dutsen in ya faɗa ruwa. Da zafi ya kai wani matsayi, sai ƙarar fantsamar ta ɗauke. Babu sauran saman ruwa da dutsen zai faɗa. 

Ruwan da ya haye iyaka baƙon hali ne da shi. A madafa, mai ba ya haɗuwa da ruwa, gishiri kuwa narkewa yake yi. A can, abin ya juye. Mai ya narke, gishiri ya ƙi.

Kafin mu ɗan huta, ga gargaɗi, musamman ga samarinmu masu walda da son gwaje-gwaje. Kada wanda ya toshe tukunyar gas ko ganga ya ɗora a wuta, wai zai dafa kara. Rufaffen ƙarfe mai ruwa a kan wuta bam ne. Masu wannan aikin da ƙarfe na musamman suke yi, mai kauri, da na'urar sakin matsi, a bayan kariya. Ko tukunyar girkin ma, uwargida, kada ki buɗe sai ta huce, kuma ki riƙa duba ƙofar fitar tururin, kada ta toshe.

(Kiɗa)

Madalla. Ga wanda bai jima da kama mu ba, muna magana ne a kan yadda ake fitar da sukari da sinadarai daga kara da katako, da ruwa mai zafi a cikin matsi. Mun yi zafi. Mun yi matsi. Saura lokaci, kuma shi ne zango na huɗu.

A Jami'ar Innsbruck ta ƙasar Ostiriya, Ortwin Bobleter ya shafe shekaru yana ratsa ruwan zafi ta cikin bambaro da katako. Shi da wasu suka nuna cewa kara hawa-hawa yake sallamawa. Wajen digiri 180 zuwa 200, igiya ce ke fara tsinkewa, wato hemiselulos. Tana tsinkewa kuma tana sakin asid irin na binega, wanda ke ƙara wa ruwan kaifi. Karan da kansa yake ba da wuƙar yanka shi. Azara kuwa, wato selulos, tana nan daram sai an doshi digiri 250.

Nan matsala ta ɓullo. Zafin da ke kwance sukari shi ne kuma ke ƙona shi. Duk wadda ta taɓa yin alewa ta san wannan. Ni kaina ina yaro na taɓa ɗora sukari a murfin gwangwani, aka kira ni aike, na dawo na tarar da baƙin abu mai ɗaci, ga faɗa kuma na sha. Sukari a wuta fari ne, sai ja, sai baƙi. Ba ya jira.

Ku kwatanta da garken awaki mai ƙaramar ƙofa, ga kura a bakin ƙofar. Awakin su ne gulukos. Garken shi ne selulos. Kurar ita ce zafi. In ƙofar ƙarama ce, akuya na fitowa ɗaya bayan ɗaya, kura na kamawa ɗaya bayan ɗaya. Kafin ta ƙarshe ta fito, na farko duk sun tafi. Haka abin yake a digiri 250 zuwa 300. Selulos yana kwancewa a hankali, sukarin yana lalacewa da sauri. In ka jira, ka tarar da baƙin ruwa da kwalta.

Hankali zai ce a rage wuta. Masana a Jami'ar Tohoku da ke Sendai a Japan suka yi akasin haka. Kunio Arai, da Tadafumi Adschiri, da Mitsuru Sasaki, a aikin da suka wallafa a 1998, sun ƙara wutar ne. Suka tarar cewa daga wajen digiri 350 zuwa sama, tseren yana juyewa. Selulos ya kumbura, tsintsiyar ta warware, ruwa ya shiga ta ko'ina a lokaci guda. A digiri 400, duka selulos ɗin yana kwancewa cikin ƙasa da sakan ɗaya. Wato ba ƙofa aka buɗe ba, shingen ne gaba ɗaya ya faɗi. Awaki suka fito tare. Kura ba ta iya kama su duka a take.

Amma fa kurar tana nan. In ka ƙara mata sakan biyu, ta gama da su. Don haka dabarar ita ce, ka kai zafin nan take, ka ɗauke shi nan take.

Yaya za a yi? Ai ba a ɗora tukunya a sauke cikin rabin sakan. A Jami'ar Valladolid ta Sifaniya, María José Cocero da abokan aikinta sun bi wannan hanya. Bututu biyu. Ɗaya yana ɗauke da garin selulos da aka dama da ruwan sanyi, kamar kunu. Ɗaya yana ɗauke da ruwan da ya haye iyaka. Sai su haɗu a mararraba. Kunun ya ɗauki zafi nan take. Ya bi wani ɗan guntun bututu. A ƙarshensa akwai 'yar ƙofa da ke sakin matsin farat ɗaya, zafin ya faɗi. Tsawon bututun shi ne agogon girkin. Duka-duka zaman bai wuce kashi biyu ko uku cikin ɗari na sakan ba. Muna cewa kafin ƙiftawa da bismillah. To, wannan ko ƙiftawar ba a kai ba.

Kun ji inda haƙuri ya ɓata miya.

Zango na biyar: me ake samu a cikin romon?

Na farko sukari. Wannan ba na shayi ba ne, na masana'anta ne. A ba yis ya ci, ya fitar da itanol, wanda ake gauraya wa fetur, ake kuma sawa a ruwan tsabtace hannu.

Amma ga wani abu. Ba duk abin da kura ta taɓa ne asara ba. In ka san inda za ka tsayar da ƙunar, abin da sukarin ya koma yakan fi sukarin kuɗi.

Ɗauki gulukos ka bar shi ya ɗan jima a ruwan digiri 250 zuwa 300. Zai saki ƙwayoyin ruwa uku, ya zama wani sinadari mai dogon suna, da ake taƙaitawa da HMF. Masu sayar da zuma, wannan ya shafe ku. In aka dafa zuma, ko ta daɗe a rana, HMF yana taruwa a cikinta. Da shi masu awo ke gane zumar da ta sha wuta. Ƙa'idar abinci ta duniya ta sa iyaka: miligiram 40 a kilo, ko 80 ga zumar ƙasashe masu zafi irin namu. To, abin da yake aibi a zuma, a masana'anta dukiya ne. Daga HMF ake yin wani asid da ake haɗa robar kwalba da shi, mai maye gurbin robar da ake yi daga man fetur. A 2014, kamfanin AVA Biochem ya buɗe ƙaramar masana'antar HMF a Muttenz ta Suwizalan, da ruwan zafi a cikin matsi. A 2024 kuma kamfanin Avantium ya buɗe masana'antar wancan asid ɗin a Delfzijl ta ƙasar Holan. Sai dai in faɗa muku gaskiya, dukansu da sukarin abinci suka fara, ba da kara ba.

In HMF ya ƙara jimawa, sai ya rabe biyu. Ɗaya asid ɗin lebulinik, da ake haɗa sinadaran narkarwa da robobi da shi. Ɗaya asid ɗin fomik, wanda ke jikin wasu tururuwa, daga sunan tururuwa ma a Latin ya sami sunansa. Masana'antun jima na zamani suna amfani da shi a kan fata. In kuma ka jefa ɗan abu mai halin kanwa a ruwan, sai hanya ta karkata, a sami asid ɗin laktik, wanda ke sa nono tsami. Da shi ake yin wata roba mai ruɓewa.

Ita ma igiya, hemiselulos, tana da nata. Daga sukarinta ake samun furfural. Wannan tsohon ɗan kasuwa ne. Tun farkon shekarun 1920 kamfanin Quaker Oats yake yin sa a Cedar Rapids ta jihar Iowa, daga ɓawon hatsin da ya rasa yadda zai yi da shi. Yau mafi yawansa daga Sin yake fitowa, daga totuwar masara. Afirka ta Kudu ma tana yi a Sezela, daga tuƙar rake. Ana tace man juye da shi, ana kuma yin danƙon da ke riƙe yashin zubin ƙarfe. Akasarin waɗannan masana'antu dai tururi suke haɗawa da ɗan asid, ba ruwa zalla ba. Amma totuwa fa! Wadda muke hura wuta da ita.

Kun lura? Ruwa ɗaya, kara ɗaya. Abin da ke zaɓar abin da zai fito shi ne zafi, da matsi, da lokaci.

Zango na shida, na ƙarshe. Na san wani na can yana cewa, Malam, in abin haka yake, ina masana'antun?

Tambaya ce mai kyau. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kai ruwa digiri 400 yana cin wuta ba kaɗan ba, kuma sai an san yadda za a kama zafin a sake juya shi, in ba haka ba riba ta tafi a hayaƙi. Ruwan nan mai kaifi yana cin bututu. Gishirin da ya ƙi narkewa yana toshe shi. Tura kunun kara cikin matsi mai ƙarfi haka yana kashe famfo. Romon da ke fitowa kuma tsararo ne, ruwa ya fi yawa, sai an sake kashe wuta a kafe shi. Ga shi HMF da furfural guba ne ga yis, in sun yi yawa ba ya iya aiki.

Kamfanin Renmatix na Amurka ya gwada abin a babba, da ruwan da ya haye iyaka, a Kennesaw ta jihar Georgia. Kamfanin BASF na Jamus ya zuba kuɗi a 2012, Bill Gates ma ya zuba a 2016. Daga baya kamfanin ya karkata ga kayan haɗin abinci da na kwalliya. A nawa ganin, dalilin a fili yake: sukarin katako yana gasa ne da na rake da na masara, su kuwa ba a kulle suke ba. A Crescentino ta Italiya an buɗe masana'antar itanol daga bambaro a 2013, tana buɗe karan da tururi da ruwan zafi, sannan enzayim ya ƙarasa. A 2017 ta tsaya, uwar kamfanin ta faɗa matsalar kuɗi. Indiya kuwa tana da dalilin da ya wuce riba. Manoman Punjab da Haryana suna ƙona bambaron shinkafa bayan girbi, hayaƙin ya turnuƙe Delhi. A 2022 aka buɗe masana'antar itanol daga bambaron a Panipat.

Mu fa? Nan zan faɗi ra'ayina. In wani ya zo ya ce maka karan dawa shara ne, bai yi rani a ƙauye ba. Da shi ake darni. Da shi ake hura wutar tuwo. Da tokarsa ake miya. Makiyayi ya shigo gona da shanu su ci, su bar taki. Abin da ya rage ya rufe ƙasa, iska ba ta kwashe ta ba. Masana'antar da za ta kwashe karan nan, daga bakin saniya da cikin murhu za ta ɗauka. Kuma kara yawa gare shi ba nauyi, ka cika mota ka biya kuɗin dakon iska.

Abin dubawa shi ne wanda ya riga ya taru wuri ɗaya, ya kuma zame wa mutane kaya. Ɓuntun shinkafa a bayan injinan Kura da na Kebbi, ko da yake kusan kashi ɗaya cikin biyar nasa toka ce mai yashi-yashi, mai cin na'ura. Garin katako a 'yan katako. Sai kuma kacalla, ciyawar nan da ta toshe hanyoyin ruwa a fadamar Haɗeja da Nguru, ta hana masunta da manoma sakat, ta zama maɓoyar jan-baki. Ita jiƙaƙƙiya ce, kuma a nan hanyar ruwan zafi ta fi sauran. In ƙonawa za ka yi, sai ka shanya. In a ruwa za ka dafa, jiƙonta ba laifi ba ne.

Ba sai an fara da digiri 400 ba. Tun 1913 wani Bajamushe, Friedrich Bergius, wanda ya sami kyautar Nobel a 1931, ya nuna cewa in aka dafa tsiro a rufaffen ruwa na wasu sa'o'i, zai zama gawayi. Yau wajen digiri 200 ake yin haka, matsin bai fi ninki 15 zuwa 20 ba. A nan kam an bar wa kura awakin da gangan, don baƙin ake so. Gawayin a dunƙule shi a yi girki, bishiya ta huta. In da ɗaliban kimiyyar haɗa sinadarai na Zariya ko Kano ko Maiduguri za su tambaye ni inda za a sa hannu, kacalla zan nuna musu, da wannan tukunya mai sauƙi.

Mai kula da na'ura yana ta nuna mini agogo ta gilashi. A shirin da aka wuni ana maganar lokaci, bai kamata ni in zarce ba. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.